Wai me ya mayar da Sakkwato birni, Hubbare ko sakatariya?

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya na ɗauko yarona daga islamiyya bisa mashin, mun biyo ta Ƙofar Atiku sai ya ce min wai Baba ƙofar mece ce wannan tunda shi bai ga katanga ko ta ina ba, titi kawai yake gani da shaguna da 'yan kabu-kabu. Wallahi na buɗe baki na rufe, ƙarshenta na ce mai riƙe ni da kyau kar ka faɗi. Da wannan tambayar na kwana. To ga abin da na fahimta, kuma na san wasu za su hau ni: garin nan namu garin mulki ne. Kano kasuwa ta yi ta, Gusau jirgin ƙasa ya tashe ta, mu kuwa kujera ce. Duk sanda kujera ta zauna nan sai gari ya kumbura, in ta gusa sai ya sace. Masana ku zo ku gyara min in na kauce.

Autan Mabera: Wa'alaikumussalam Yaya. Ai tarihin a fili yake, Shehu Usmanu ya kafa Sakkwato 1804 shi ya sa ake cewa Birnin Shehu, shikenan a rufe maganar 😂

Malam na Giɗaɗawa: Auta zauna tukuna, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. 1804 shekarar hijira ce, daga Degel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu, kuma a shekarar aka yi Tabkin Kwatto. Lokacin nan jama'a ba su da mazauni ɗaya, yau suna nan gobe suna can, ga yunwa ga yaƙi, aka sha wuya a Tsuntsuwa aka rasa malamai da mahaddata masu yawa, aka koma aka sha wuya a Alwasa. Sai da Alƙalawa ta faɗi a 1808 sannan aka samu sararin tunanin gina gari. Wanda ya gina Sakkwato Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu, a 1809, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shi Shehu Sifawa ya zauna yana karantarwa yana rubutu, bai tare a Sakkwato ba sai 1815, aka faɗaɗa mai gari ta yamma, wurin da muke kira Sabon Birni yanzu, ba Sabon Birnin Gobir ba fa, unguwar cikin gari nake nufi. Shekara biyu kacal ya yi a ciki Allah ya karɓi abinsa a 1817. Ka ga zaman Shehu a garin gajere ne ƙwarai, amma kwanciyarsa a Hubbare, inda kabarinsa yake, ta sa sunan ya bi shi.

Autan Mabera: Allah shi gafarta Malam na karɓi gyara. Mu a firamare haka aka haddace mana wallahi.

Baba Kanwuri: Ɗiyana na Rijiyar Ɗorowa, nij ji maganakka, amma ka yi gaugawa. Kai kana ganin Bello don shi zamna bisa kujera yag gina garin ga? Ribaɗi na yag gina, wato garin tsaro. Tahi ka tsaya bakin tudu wajen Ƙohwar Kware ka dubi ƙasa, ka ga yadda gari ya hau bisa tudu, gulbi na ƙasa, hwadama ta shimhiɗe hal iyakar ganinka. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato nan kusa sunka haɗu. Wanda duk yat taho da doki daga arewa sai an hango shi tun da nisa, in damina ta kuwa sai shi yi ta hwama da ruwa da laka kahin shi iso. Ga ruwan sha, ga wurin noma rani da damina, ga kiwo. Mutanen ga ba da ka sunka zaɓi wurin ba. Mu da munka tashi munka ishe sauran ganuwa, muna hawa muna wasa bisanta, sannu-sannu mutane sunka ɗebe ƙasar sunka yi tubali da ita. Rabin tsohhin gidajen da kaka gani kusa da ƙohohin ga, ganuwa ta cikin bangonsu.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Baba ranka shi daɗe, ban musa ba, amma ribaɗin ma ai mulki ne ya kafa shi, ba fatake ba. Ni abin da nake cewa kenan.

Bagobirin Asali: To tunda an ambaci Alƙalawa bari in sa baki kafin a binne mu da rai 😅 Faɗuwar wani tashin wani. Kafin 1808 babban birnin yankin nan gaba ɗaya Alƙalawa ce, can ake sarauta can ake kasuwa, yau ka je sai kufai da kaburburan sarakuna. Sakkwato ta gaji mutanen ne, maƙera, majema, marina, masaƙa, wasu da son ransu wasu kuwa yaƙi ya kawo su, a faɗi gaskiya. Unguwar Gobirawa daga sama ta faɗo? Kuma kakanninmu ba su kwanta ba, har 1836 ana gwabzawa a Gawakuke. Don haka in ana lissafin waɗanda suka gina gari a riƙa tunawa da waɗanda suka ɗauki ƙasar a ka, ba masu tuta kaɗai ba.

Malam na Giɗaɗawa: Wannan magana taka gaskiya ce Bagobiri, ba mai ja. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Marina, Majema, Takalmawa, Maƙera, sana'a ce ta raɗa musu suna. Wasu kuma sunan gida ne, kamar tamu, daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Amma bari in ba Ɗan Rijiya makami da hannuna, ko da yake ban yarda da shi duka ba. Baturen nan Kilafaton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya zo wurin Bello a 1824, ya rubuta cewa bai ga gari mai yawan jama'a kamar Sakkwato ba a duk inda ya ratsa cikin ƙasashen nan, ya ce ganuwa doguwa, ƙofofi goma sha biyu ana rufe su da faɗuwar rana. Ya sake dawowa, ajali ya same shi nan kusa da gari a 1827. To daga baya Bello ya gina Wurno ya koma can da zama saboda tsaron iyaka, can ya rasu 1837, can kabarinsa yake. Aliyu Babba ma Wurno ya fi zama. Da wani Baturen Jamus, Bart, mai kiran kansa Abdulkarim, ya zo a 1853, Sarkin Musulmi na Wurno, kuma Sakkwaton da ya bayyana ba ta cika maƙil kamar ta Kilafaton ba, akwai wurare fayau cikin ganuwa, sai dai kasuwa na ci, kayan fata na nan. Shekara talatin ba ta cika ba tsakani. Ka ga nan maganarka ta samu ƙafa.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Allahu akbar. Malam ka gama min aiki, a tashi taro 😂

Maman Khairat, Arkilla: Ba a tashi ba Yaya, zauna. Ku maza in kuna tarihi daga yaƙi sai sarauta. Tambayata ɗaya, da sarki ya koma Wurno me ya hana Sakkwato mutuwa kamar yadda Alƙalawa ta mutu? Me ya sa yau Wurno take ƙaramar hukuma Sakkwato take babban birni? Saboda akwai abin da ba ya ɗaukuwa a kai a tafi da shi. Hubbare na nan, masallacin Shehu na nan, masallacin Bello na nan, zaurukan karatu na nan. Nana Asma'u har ta rasu 1864 mata na tasowa daga ƙauyuka, jaji a gaba da malfarta 'yan taru na biye, su zo su ɗauki karatu a waƙe su koma su koya wa 'yan uwansu, da Hausa da Fulatanci, ba sai ka iya Larabci ba. Kakata har ta tsufa tana rera irin waɗannan waƙoƙin tana kaɗi, ba ta taɓa shiga aji ba amma ta san farillan alwala da tarihin hijira tsaf. Har gobe ka je Hubbare ka ga mata daga Nijar, daga Adamawa, daga ko ina. Wannan ba gwamna ya kawo su ba.

Baba Kanwuri: Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Kin hwaɗi abin da nika son hwaɗi bakina bai kai ba.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Hajiya na ji, kuma na sara miki. Amma ziyara tana riƙe gari ne kar ya mutu, ba ta sa shi ya ninka goma. Ke kanki Arkilla kike zaune, wa ya kai mutane Arkilla, Hubbare ko fulotan gwamnati?

Maman Khairat, Arkilla: Tsadar haya ta cikin gari ta kai ni 😂

Malam na Giɗaɗawa: Kun yi tsalle, kun bar 1903 a baya, alhali nan ne gari ya juya fuska. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya da Turawa, a fili wajen ganuwa ta kudu. Sarkin Musulmi Attahiru bai fi wata biyar bisa gado ba, yana tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim, mahaifin Sardauna, suna riƙe da ɓangarorin. Doki da takobi da kibiya a gaban bindiga mai ruwa da igwa, abin bai daɗe ba. Waɗanda suka tsaya wurin tuta suka ƙi gudu nan aka kashe su. Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta binsa gari-gari, aka cim masa a Burmi cikin Yulin shekarar ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran har Sudan, garinsu na can da sunansa har yau. Waziri Buhari kuma ya tara malamai aka yi shawara, aka ga in kowa ya tafi wa za a bar wa talakawa da addininsu, ya dawo gari. Lugga, shugaban Turawan, ya naɗa Attahiru na biyu cikin satin nan.

Abin da nake so ku lura da shi, Turawa ba su zauna cikin ganuwa ba. Sun kafa barikinsu da ofisoshinsu da gidajensu a kudu. Arewa gulbi ya tare, fadama ba ta ginuwa, don haka tun daga ranar gari ya fara miƙewa kudu da yamma da gabas, kuma har yau haka yake tafiya. Duba inda GRA take, inda gidan gwamnati yake, inda barikin soja na Giginya yake, inda filin jirgi yake kan hanyar Boɗinga. Sannan 1906 aka yi yaƙin Satiru, aka shafe garin ƙurmus, wannan kuma wani babi ne mai ɗaci, ba na son buɗe shi da daren nan.

Autan Mabera: Wato Giginya Otal da filin ƙwallo duk sunan wurin yaƙi ne? Ni fa na ɗauka don itacen ne kawai wallahi.

Bagobirin Asali: Auta kai dai a mayar da kai firamare.

Alhaji Mai Albasa: Salamu alaikum, yanzu nish shigo daga Kara, na ga saƙo ya hi ɗari. Ni ba malami ba na, ɗan kasuwa na, amma ku bari in gaya muku inda anka cuce mu: reluwe. Dogo ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa ya shiga Gusau yat tsaya Ƙauran Namoda 1929, shi kenan anka ja birki. Kano tun 1911 jirgi ya shiga. To gyaɗa da auduga da fata duk inda dogo yake can kamfunnan Turawa sunka buɗe kanti, shi ya sa Gusau da ba ta kai ko kusa da mu ba ta zan garin 'yan kasuwa muna kallo. Mu ad da jar akuya wadda fatarta tun zamanin raƙuma aka kai ta arewa ta hamada, can Turai su ce mata fatar Maroko don ta hannun Larabawan can ta iso musu, alhali daga nan ta hito. Mu ad da albasa da tafarnuwa, amma har yau bisa tirela muka ɗora ta zuwa kudu, kwana da kwanaki, in mota ta lalace ko an rufe hanya rabin kaya ya ruɓe. Da dogo ya iso nan tun wancan lokaci wallahi da wani zance aka yi yanzu. Don haka ni ina bayan Ɗan Rijiya, ba don mun rasa abin saidawa ba, hanya ta anka hana mu sai muka koma jiran albashi.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Yawwa Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ga shi daga bakin mai ita.

Ɗiyar Marina: Alhaji ka manta iyaka. Illela na nan, Ƙonni na tsallake, rabin cinikin garin nan da Nijar ake yi, shanu da raƙuma da wake su shigo, kayan masarufi su fita. Lokacin da aka rufe boda a 2019 kowa ya ji a jikinsa, aka sake rufewa 2023 bayan juyin mulkin can, 'yan uwanmu na Ƙonni biki ma sai ta ɓarauniyar hanya ake zuwa. Garin da ba na kasuwa ba rufe boda zai dame shi haka? Kuma ranar da babbar kasuwa ta ƙone a Janairun 2021 ai ba ma'aikata na ga suna kuka ba.

Alhaji Mai Albasa: Ɗiyata kar ki tuna min wannan rana, ƙanena shago biyu yar rasa. Maganarki na bisa hanya, amma ki lura, in wata ya yi nisa albashi bai hito ba ki shiga kasuwar ki gani, kowa na hamma. Kano ba ta san wannan ba.

Tsohon Ma'aikaci, Gwiwa: Na daɗe ina karatu ban ce komai ba, amma an iso zamanina. Ni na ga canjin da idona. Kafin 1967 Sakkwato hedikwatar lardi ce kawai, komai En'e ke yi, kotu, 'yan doka, gidan yari, haraji, manyan abubuwa kuwa sai Kaduna. Sardauna ya yi wa garin abin da ya iya, a zamaninsa aka sake gina masallatan nan biyu da siminti, kamfanin siminti na Kalambaina ma 1962 aka kafa shi ya fara aiki 1967, wanda yanzu yake hannun BUA. Amma ranar da Gowon ya yanka jihohi goma sha biyu a 1967 aka ce Sakkwato ce babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, Usman Faruk na gwamna, to ranar gari ya canza. Ku tuna jihar nan har Minna da Bida da Kontagora da Abuja ta da, wato Suleja, duk nan suke kawo fayil. Ma'aikata suka yi ta zubowa, Nufawa, Gwarawa, Dakarkari, Yarbawa, ga malaman makaranta daga Indiya da Pakistan da Masar, babu gidajen da za a sa su, ofis ma wani a aron ɗaki yake. Dole aka shiga gina sakatariya da kwatas-kwatas da tituna. Sai kuɗin mai suka zo a shekarun 1970 abin ya haɗu da wuri. 1976 Murtala ya cire Neja aka bar Jihar Sakkwato, 1975 an riga an kafa jami'a ta fara ɗaukar ɗalibai 1977, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, 1988 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Ga Shagari ya zama shugaban ƙasa 1979, Kangiwa na gwamna. Inda nake zaune yanzu lokacin da na zo gonar gero ce, da dare har kukan dila muke ji. Don haka ni a wurina in za a zaɓi shekara ɗaya bayan 1809, to 1967 ce, ba na ko tantama.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Kawu ka biya ni. Maman Khairat kina ina?

Maman Khairat, Arkilla: Ina nan ina sauke tuwo. Kawu ina da tambaya da girmamawa. In kujera ce kaɗai, 1991 an cire Kabi, 1996 an cire Zamfara, ma'aikata sun kwashe iyalansu sun koma Birnin Kabi da Gusau, jihar da ta kai har Suleja ta dawo ƙananan hukumomi 23. Bisa lissafin Yaya ai sai gari ya sace. Ya sace? Tun daga lokacin ma ya fi bazuwa. Mabera, Gagi, Tamaje, Nakasari, Bado, Dambuwa, Kwannawa, More, yanzu gari ya fita daga Sakkwato ta Arewa da ta Kudu ya shiga Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Ni nan a takarda 'yar ƙaramar hukumar Wamakko ce.

Tsohon Ma'aikaci, Gwiwa: Tambaya mai kyau 'yata. Gaskiya lokacin da aka cire Kabi mun ji tsoro, ofishinmu kusan rabi suka tafi, gidaje suka yi arha na ɗan lokaci, na san wanda ya sayi gida a kuɗin da yau ba zai sayi ƙofar gidan ba. Amma iccen da ya riga ya yi saiwa ko ka sare reshe sai ya tofo. Jami'a na nan, asibitin koyarwa na nan yana karɓar marasa lafiya har daga Nijar, kwalejin ilimi, foliteknik, siminti, ga haihuwa masha Allah. Na yarda daga nan lissafin Ɗan Rijiya ya fara rawa.

Tsohon Ɗalibin Dundaye: Tunda an zo jami'a, wa ya tuna ambaliyar 2010? Satumba ce, ruwa ya taho daga wajen Goronyo ya cinye ƙauyukan fadama ya yanke hanyar jami'a, gada ta tafi. Ina aji uku lokacin. Kwalekwale muka shiga da jakunkunanmu a ka, ni da ban iya ruwa ba ina ta salati, mai tuƙin yana min dariya wai ɗan boko. Ranar na gane maganar da Baba Kanwuri ya faɗa a sama, gulbin nan shi ne katangar gari ta arewa, an kai jami'a tsallakensa ne kawai amma shi bai san da zancen ba. Kuma a lura, dam ɗin Goronyo da aka gama 1984 da na Bakolori sun canza yadda ruwa ke sauka fadama, tsofaffin manoma na ƙauyukan gefen jami'a sun sha gaya mana da can ruwa na zuwa da lokacinsa ya kwanta ya bar musu taki, yanzu sai yadda aka sako shi.

Baba Kanwuri: Gaskiya ta. Shinkahwar hwadama da munka ci muna yara ba irin wagga ba ta.

Autan Mabera: To ni tambayata, cikin gwamnoni wa ya fi yi wa garin aiki? Don ni dai gadar sama na gani da idona.

Admin: Auta a'a. Mun yi doka tun farko, ba siyasar jam'iyya a gidan nan, wancan karon sai da mutum huɗu suka fita. A tsaya kan tarihi.

Malam na Giɗaɗawa: Admin ya kyauta. Abu ɗaya da ba a taɓo ba, zaman Sarkin Musulmi Abubakar na uku, 1938 zuwa 1988, shekara hamsin cif. Ya ga Turawa, ya ga 'yancin kai, ya ga kashe Sardauna a 1966, ya ga yaƙin basasa, ya ga an karɓe kotu da 'yan doka daga hannun sarakuna, duk yana zaune gari bai birkice ba. Da ya rasu aka ga bambanci, rikicin naɗin Dasuƙi a 1988 har rayuka suka salwanta, 1996 aka sauke shi aka naɗa Macciɗo, shi kuma ya rasu a haɗarin jirgi a Abuja cikin Oktoban 2006, aka naɗa Sa'ad. Abin lura, yau Sarkin Musulmi ba shi da kotu ba shi da baitulmali irin na da, amma yawancin Musulmin ƙasar nan ba sa ɗaukar azumi ko su sauke sai an ji daga Kanwuri, fadarsa. Wannan kujera ce ko Hubbare? Ni na kasa raba su, shi ya sa na ce ban yarda da Ɗan Rijiya duka ba.

Bagobirin Asali: Ni kuma bari in faɗi wanda ba a son faɗi. Kuna ta lissafin abin da ya cika gari da, to abin da ke cika shi yanzu fa? Ku zagaya bayan gari ku ga kangaye da gidajen da ba a gama ba, duk mutanenmu ne na gabas, Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo, waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Gidan yayana yanzu mutum ashirin da wani abu ke kwana, ɗaki huɗu. Manomi mai rumbu uku ya dawo yana tura baro ko yana kabu-kabu da mashin ɗin haya. In an ƙirga za a ce gari ya ƙaru, amma wannan ba girma ba ne, kumburi ne. Baba ya ce ribaɗi aka gina, to ga shi mun dawo muna fakewa a ribaɗin, sai dai babu ganuwa kuma babu wanda ya shirya zuwanmu.

Maman Khairat, Arkilla: Allah ya kawo mana ƙarshensa. Layinmu ma akwai su, matan na zuwa neman wanki da surfe. Ga ruwa ya zama abin da ya zama, gari tsakanin gulbi biyu amma ni kullum sai na sayi kura, jarka goma sha biyu ba ta kai mu yamma.

Alhaji Mai Albasa: Amin. Ko albasar ma manoman da nika saye wurinsu da yawa sun bar gonakin.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Amin ya rabbi. To ni dai na ɗan ja baya amma ban sauka ba, har yanzu ina nan kan cewa 1809 da 1967 su ne manyan tsalle biyu kuma duka mulki ne ya yi su, sai dai na karɓi ta Hajiya cewa ba shi ya hana gari mutuwa ba. Yanzu a taimake ni da abin da ya kawo ni, yaron nan zai sake tambayata. Ƙofofin nawa ne takamaimai? Ni na san Atiku, Rini, Marke, Kware, Ƙade.

Ɗiyar Marina: Taramniya, Dundaye, Aliyu Joɗi. Takwas kenan, haka muka taso muna ji.

Autan Mabera: To ai Malam ya ce Bature ya ƙirga goma sha biyu, ina sauran huɗun suka shiga?

Malam na Giɗaɗawa: Abin da ya rubuta kenan, takwas ɗin kuma su ne sunayen da suka tsaya a bakin mutane. Ganuwar ma ba sau ɗaya aka yi ta ba, an faɗaɗa. Wanda ke son ya bi diddigi ya je gidan tarihi na Waziri Junaidu, akwai takardu da kayan da, kuma a je da yara, ba a bar su da TikTok kaɗai ba.

Baba Kanwuri: In kuna so Assabar bayan la'asar ku taho ku ɗauke ni, in zagaya da ku in nuna muku inda ganuwa ta bi tun daga Ƙohwar Rini, da ramin da munka riƙa wanka cikinai da damina wanda yanzu anka cike anka yi shaguna. Amma da mota hwa, gwiwata ba ta hawan mashin. Kuma a taho da yaron.

Alhaji Mai Albasa: Motata na nan Baba, mai kuma Ɗan Rijiya ya zuba tunda shi yat tada zancen.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa: Lita nawa Alhaji? Ka san wata ya yi nisa 😭